DAJIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA: DARASI DAGA MARAƊI ZUWA GONAKIN GOBIR

Duk wanda ya taɓa bin hanya daga Isa zuwa Sabon Birni a watan Afrilu ya san yadda gonaki suke kafin ruwa ya sauka. Manoma sun gama sassabe, sun tara kara da ƙirare sun cinna wuta, gona ta yi fes kamar tsakar gida. A wurinmu wannan ita ce alamar manomin kirki. To, a wannan darasi muna so mu sake duban wannan al'ada, domin 'yan'uwanmu da ke tsallaken iyaka sun gano cewa abin da muke ƙonewa kowace shekara dukiya ce.

Mun ce 'yan'uwanmu, kuma ba da wasa muka faɗa ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, Gobirawa sun warwatsu, har daga baya wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu kuma Sabon Birni. Gulbin Maraɗi ma a ƙasarmu yake zuba cikin Rima. Ƙasar noma iri ɗaya ce, gero da wake ɗaya ne, kuma farin 1973 da na 1984 bai nemi takardar izni ba kafin ya ƙetara iyaka.

Bayan waɗannan shekaru na fari, maganin da kowa ya sani shi ne dashe. A reni 'ya'yan itatuwa a cikin leda, a kai su fili, a dasa, a yi ta ban ruwa. Mu ma mun yi namu a makaranta. Kowace shekara akwai ranar dashen itatuwa, babban baƙo ya dasa na farko ana tafi, amma kafin a dawo daga dogon hutu awaki sun gama da sauran. A ƙasar Maraɗi ma haka abin ya kasance, mafi yawan abin da aka dasa ya mutu.

Akwai wani masanin aikin gona, mutumin Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, wanda ya yi aiki da mishan ta SIM a Maraɗi. Wata rana a shekarar 1983 yana ɗauke da 'ya'yan itatuwa a mota, sai ya tsaya don ya rage iskar taya saboda rairayi. Nan idonsa ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa yake ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen da kyau, sai ya gane itace ne sosai, an sare shi tuntuni, kututturen yana sake toho. Wato saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta nutse ta kai ga danshi. Irin waɗannan kututture kuwa suna nan birjik a kowace gona. Shi ya sa ya kira su dajin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Ɗalibai su lura da yadda binciken kimiyya yake a wasu lokuta. Babu na'ura, babu ɗakin gwaji. Abin da dubban mutane suke takawa kullum ne, mutum ɗaya ya tsuguna ya yi tambaya. Kuma gaskiya ita ce tsofaffin manoma sun san kututture yana toho tun kafin zuwan kowane Bature. Abin da ya zama sabo shi ne mayar da wannan sani hanyar aiki.

Hanyar kuwa ba ta da wuya. Manomi zai zaɓi kututture na kalgo, ko sabara, ko magarya, ko gawo. Idan ya yi toho goma ko ashirin, sai ya bar mafi ƙarfi guda uku zuwa biyar, ya sare sauran da wuƙa mai kaifi, ya rage ƙananan rassan da ke ƙasa. Abincin da saiwa take rabawa ashirin yanzu ya koma na 'yan kaɗan, don haka suke miƙewa da saurin da ɗan dashe ba zai taɓa yi ba. Kowace shekara yana iya sare guda ɗaya don girki ko rufin ɗaki, ya bar wani ya maye gurbinsa.

Gawo ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. Shi ne itacen da yake yin akasin sauran: da damina ya kakkaɓe ganyensa, da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya tare wa gero rana a lokacin da gero yake bukatarta, ganyen da ya zuba kuma taki ne. A saiwarsa akwai ƙananan halittu masu kama sinadarin naitirojin daga iska su sa shi cikin ƙasa, wato aikin da muke sayen takin zamani don ya yi. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin kuma suna kwanciya a inuwarsa su bar kashi. Wanda ya taɓa lura da geron gindin gawo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Amma me ya sa manoma ba su bar itatuwan ba tun da can? A nan ne maganar mulki ta shigo. Tun zamanin Faransawa, dokar Nijar ta ɗauki itatuwa a matsayin kayan gwamnati, ko da a gonarka suka tsiro. Ma'aikacin gandun daji yana iya cin ka tara idan ka sare reshe. To, wa zai yi wahalar renon abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara? Sai da hukuma ta fara sassautawa, aka yi dokar karkara ta 1993, sa'an nan dokar daji ta 2004, manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya rena zai amfane shi. A tsakiyar shekarun 2000 masana irin su Gray Tappan da Chris Reij suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, suka tarar itatuwa sun dawo a kan kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, kimanin itace miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

A namu ɓangaren, Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Nijeriya kuma ta kafa hukumar da za ta kula da shi a 2015, Sakkwato tana cikin jihohi 11 da abin ya shafa. Ba mu raina wannan ƙoƙari ba. Sai dai a ganinmu kuɗin da ake kashewa wajen leda da jigila da tankar ruwa, da an ba malaman gona kaɗan daga ciki su zaga ƙauyuka da wuƙar aski ta itace, da an fi ganin amfani. Ya kamata kuma hukumar jiha da ƙananan hukumomi da hakimai su fito fili su faɗa wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne, su hukunta mai shiga gonar wani da dare ya sare don gawayi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen Isa da Sabon Birni, da yawa sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Renon itace aikin shekara uku ne ko biyar, kuma mutumin da bai san ko zai kwana a garinsu gobe ba, ba za a yi masa maganar kututture ba. Wasu daga cikin ɗalibanmu iyayensu suna cikin waɗanda suka bar gonakinsu.

Ga aikin hutu ga waɗanda za su iya zuwa gona lafiya. Kowa ya auna taki 100 a tsaye da taki 100 a kwance, ya ƙidaya kututturen da ke toho a ciki, ya tambayi wani dattijo sunan kowane iri da amfaninsa. Sa'an nan ya roƙi mai gonar ya bar masa guda biyar kada a ƙone su, ya gyara su yadda muka bayyana, ya auna tsawonsu da igiya ya rubuta. Za mu karɓi littattafan a makon farko na sabon zango.