Yadda Manyan Kamfanoni Ke Ɗaukar Masu Digiri Aiki

Ina so in yi ɗan bayani a kan hanyar da bankuna da manyan kamfanonin ƙasar nan suke bi wajen ɗaukar samari da 'yan mata da suka gama jami'a, su horar da su kafin su danƙa musu aiki. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan ɗan aji biyar da wannan magana? To, da ruwanmu, domin wasu daga cikin abubuwan da za a tambaya a can, a nan makaranta ake samo su.

Da farko kamfani yakan yi sanarwa a jarida ko a intanet, ya faɗi sharuɗɗansa. Galibi akan nemi digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu, da takardar shaidar gama bautar ƙasa, wato shirin nan da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973. Bankuna da yawa kuma sai sun ga sakamakon WAEC ko NECO, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ashe ke nan takardar da za mu zauna mu rubuta baɗi za ta bi mu har gaban manaja. Sharaɗi na ƙarshe shi ne shekaru. Wasu sukan ce kada mutum ya wuce 26, wasu 27.

Wanda takardunsa suka cika sai a kira shi jarrabawar gwajin basira, yawanci a kan kwamfuta. Akwai lissafi, da karanta Turanci a ba da amsa, da wasu zane-zane da za a ce ka gano wanda zai biyo baya. Wani ɗan baffana da ya taɓa zama irinta ya ce mini tambayoyin ba su fi ƙarfin ɗan sakandare ba, agogo ne abokin gaba, don kafin ka gama tunani lokaci ya ƙare. A nan ne ake kakkaɓe mafi yawan mutane. A 2019 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya kira mutum wajen 60,000 jarrabawa, amma sababbin masu digiri da aka ɗauka a 2020 su 1,050 ne kawai, wato ko biyu cikin ɗari ba su cika ba.

Mataki na gaba shi ya fi ba ni sha'awa. Akan tara waɗanda suka ci rukuni-rukuni, a ba su wata matsala ta ciniki su tattauna, ga ma'aikata a gefe da biro da takarda suna kallo. Wanda ya yi shiru ya faɗi, wanda ya hana kowa magana shi ma ya faɗi. Mu da aka koya mana sunkuyar da kai a gaban manya, a ganina ƙungiyar muhawara ta makaranta ba wurin ɓata lokaci ba ce, ko da yake wasu sun ɗauke ta haka. Daga nan sai ganawa da shugabanni, sai gwajin likita, sai makarantar horo ta kamfanin ta 'yan makonni ko watanni. Can ma akwai jarrabawa, kuma akan sallami wanda ya kāsa.

Yanzu bari mu koma kan shekaru, don ina roƙon iyayenmu su yi wannan lissafi tare da ni. A ce yaro ya gama sakandare yana da 18. Bai sami gurbi a shekarar farko ba, ya sāke zama JAMB, ya shiga jami'a yana da 19. Karatun injiniya shekara biyar ne, ya kai 24 ke nan idan kome ya tafi daidai. Amma malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, suka ƙara na wata takwas a 2022, kuma wanda irin wannan ya rutsa da shi ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi yana zaune a gida. A ƙara da jiran kira da shekarar bautar ƙasa. Injiniyan namu ya kai 27 bai maimaita aji ko sau ɗaya ba, bankin da ya ce 26 kuwa ba zai ko buɗe takardunsa ba.