Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

Jikana, matso kusa mu yi magana. Daren jiya da na fito daga sallar isha'i na biyo ta shagon cajin waya, na tarar kun haɗa kai a benci, sai "tura min, tura min" ake yi ta Xender. Da na tambaya, abokinka ya ce wasan ƙwallo ne na Dream League, amma wanda aka yi wa kutse, kuɗin cikinsa ba ya ƙarewa. Ni ban hana ku wasa ba. Mu ma mun yi langa a nan Lakwaya har iyaye suka gaji da kira. Tambaya ɗaya nake so ka kwana da ita: wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa wasan nan ya raba kyauta, ina ribarsa?

Wanda ya iya ɓalle ƙofa ya cire abu, ya iya ajiye wani abin a ciki. A shekarar 2024 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Necro ɓoye a cikin irin waɗannan kayan da aka sauya, har da wasan Minecraft da WhatsApp na jabu. Wasa yana tafiya lafiya lau, ita kuwa tana can ƙarƙashi tana buɗe tallace-tallace, tana sauke wasu manhajojin, tana iya yi wa mai waya rajistar abin da ake cirar kuɗi bai sani ba.

Na lura da yatsanka lokacin da wayar ta yi gargaɗi cewa ba daga Play Store abin ya fito ba. Ko karantawa ba ka yi ba, ka danna ka wuce. Aka nemi izinin ganin saƙonni da lambobi da hotuna, duk ka bayar. Me ya haɗa ƙwallo da saƙon tes? Ta nan banki ke turo lambar sirri. Wayar kuma ta babanka ce, cikinta akwai asusun da kuɗin masarar da ya kai kasuwar Gwarzo suka shiga. Akwai hotunan yayyenka mata, akwai lambobin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Duk wannan amana ce, kuma ba taka ba ce balle ka bayar.

Akwai kuma hukuma. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta haramta karya makullin da mai abu ya sa wa kayansa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai yaɗa muguwar manhaja da gangan. Su kansu masu wasannin, irin su Free Fire da PUBG, rufe asusun mai maguɗi suke yi, wahalar wata da watanni ta tafi a banza. Ka kuma tuna haƙƙin wanda ya yi gumi ya ƙirƙira, ko da ba ka san fuskarsa ba.

Yau ɗin nan ka goge wasan nan. Ka shiga saitin wayar ka janye izinin da ka bayar, ka kunna Play Protect, ka gaya wa babanka gaskiya ya canja lambar sirrinsa. Idan ya ga kuɗi sun motsa, ya kira bankinsa nan take a toshe asusun. In wayar ta ci gaba da zafi, data tana zurarewa, a kwashe abin da ake buƙata a wanke ta gaba ɗaya.

Wasan asali yana nan kyauta, haƙuri kawai yake nema. Ka tara kuɗin cikinsa sannu a hankali, yadda muke cika rumbu dami bayan dami. Tashi ka ɗauko wayar mu duba tare, Allah ya yi maka albarka.