Sarkin Ƙofar Kwamfuta

A Zariya ta da, Sarkin Ƙofa ke tantance baƙo kafin ya shiga birni. Irin wannan aiki ne uwar garken RADIUS, wadda kamfanin Livingston ya ƙirƙiro a 1991, ke yi wa kwamfutoci. In wata makaranta a Makarfi za ta kafa ta, sai a sanya kalmar sirri tsakaninta da kowace na'urar Wi-Fi, a buɗe mashiga ta 1812, sa'an nan a kasa sunayen jama'a rukuni-rukuni. A nan ake sakaci, domin sanin mutum daban, ba shi izini daban. Muddin ɗalibi da jami'in jarrabawa suka faɗa rukuni guda, ɗalibin zai isa taskar sakamako da sunansa, bai saci kalmar kowa ba.