Zuwa ga Samari da 'Yan Matan Ikkilisiya a Zoza

  

Wasu maganganu biyu ne suka yawaita a bakinku, su suka sa na ɗauki alƙalami. Yaro zai sha ya bugu, ko ya ɓata 'yar mutane, in dattawan ikkilisiya suka zaunar da shi sai ka ji: “Baba, sharrin Shaiɗan ne.” Wanda ya ɗan yi karatu kuwa cewa yake, “Ai ceto kyauta ne, ba aikinmu ba ne.” Kowacce akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa suke saurin kwantar da mutum.

Ceto kam kyauta ne, ba wanda ya saye shi da azumi ko baiko. Amma Manzo Bulus da ya fi kowa nanata haka, shi ne a Romawa sura 6 ya ƙi yarda sam a fake da alheri a ci gaba da zunubi. A sura 7 ya faɗi irin ja-in-jar da ke cikin zuciya, mutum yana son nagarta hannunsa yana kaiwa ga mugunta. A sura 8 ya nuna inda ƙarfi yake, wato wurin Ruhu Mai Tsarki, ya kuma ɗora wa mai bi nauyin kashe ayyukan jiki da wannan ƙarfin. Ba a cire ku daga cikin aikin ba.

Ku 'ya'yan manoma ne. Ruwan sama na Allah ne, amma a duk ƙasar Rogo da Karaye ba manomin da ke kwanciya ya bar noman firi da maimai yana jiran rumbu ya cika. Kun kuma san halin ƙuduji: tun yana ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar dawa yana tsotsa, kafin furensa ya fito ɓarna ta riga ta yi nisa. Ranar da aka ji labarin mutum a gari, ba ranar ya faɗi ba.

Dubi Sarki Dauda. Lokacin da sojojinsa suka fita yaƙi ya zauna a Urushalima ba abin yi, daga kallo a kan soro aka kai ga zina, daga zina aka kai ga jinin Uriya. Yusufu kuwa, bawa a gidan Fotifar, bai tsaya gwada ƙarfin bangaskiyarsa ba. Ya bar rigarsa ya gudu. A ganina yawancinku ba addu'a kuka rasa ba, ƙafar gudu kuka rasa. Kana roƙo kada a kai ka cikin jaraba, amma da ƙafarka kake zuwa majalisar da ake raba Tramadol. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, sai dai doka ba ta bin mutum ɗaki. Cacar ƙwallo ma yanzu tana cikin wayar da ke aljihunka, tana lashe kuɗin masarar da aka sha wahalar nomawa. Ke kuma 'yata, kyautar da ba za ki iya nuna wa mahaifiyarki ba, kada ki karɓa.

Kada ku ɗauka zunubi giya ce da fasikanci kawai. Wanda ya jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, da wanda ya ci bashin taki ya riƙa canza hanya, duk sun karya umarni, ko da su ne ke jan waƙa ranar Lahadi. Maƙwabcinka Musulmi ba ya shiga majami'a, a kasuwa yake auna ka.

A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Da yawa daga kakanninmu sai da suka girma suka koyi haɗa baƙi don su karanta shi, suka rabu da tsafi da tulun giya, wasu har dangi suka juya musu baya. Ku an haife ku kun tarar da littafin a ɗaki. Masu tafiya cin rani Kano, Kaduna ko Abuja, ku sa shi a jaka, ku kuma nemi ikkilisiya tun makon farko, kafin abokai su nemo muku wani wurin zama.

In kuma ka riga ka faɗi, kada kunya ta kore ka daga gari. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, ya yi kuka, aka mayar da shi bakin aiki. Horon ikkilisiya da ɗaci, amma ya fi ɓoyo. Kafin Lahadi mai zuwa ka nemi fasto ko wani dattijo mai riƙon asiri, ke kuma wata uwa a Zumuntar Mata, ku faɗi abin da sunansa, ku yi addu'a tare, sa'an nan ku goge lambar wayar da kuka sani.

Ni ne babanku cikin Ubangiji.