Sakin Jiki Bayan Doguwar Jinya: Matsalar Jijiyoyi da Hanyar Farfaɗowa

Majinyacin da ya yi makonni a kwance rai a hannun Allah, musamman wanda aka sa wa na'urar numfashi ko ƙwayoyin cuta suka bazu a jininsa, yakan farfaɗo ya tarar hannuwa da ƙafafu sun saki. Cuta ta tafi, amma cokali ya gagare shi, ballantana fartanya. Likitan Kanada Charles Bolton da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan larura a 1984. Kumburin da cutar ke tayarwa da hauhawar sukari a jini suna lalata jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka, tsokar kuma ta zagwanye saboda rashin motsi.

Wannan ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Raunin yakan kama dama da hagu tare, baki kuwa ba kasafai yake karkacewa ba. Sau da yawa ƙafa takan langaɓe daga idon sawu, mutum ya riƙa jan yatsu a ƙasa.

Jijiya tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana, don haka sauƙi yakan ɗauki watanni, wani ma ya haura shekara, wani kuma ba ya komawa daidai. Babu allurar da ke gaggauta wannan. Motsa jiki shi ne magani.

Majinyacin da yake Fadan Kagoma, alal misali, sai a kai shi Asibitin Sir Patrick Yakowa da ke Kafanchan, likita ya duba shi ya haɗa shi da ma'aikacin gashin ƙashi. In abin ya faskara, akwai asibitin koyarwa na Jos da na Shika.

Amma yawancin aikin a gida yake. A riƙa juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. A lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta kullum, a tokare tafin ƙafa da filo don kada agara ta ƙage. Daga nan sai zama a bakin gado, sai tsayuwa, sai taku tsakanin gora biyu da aka kafa a tsakar gida. Gonar citta ta jira tukuna. Wake, gyaɗa, ƙwai da kifi suna mayar da tsoka.

Gasa ƙafa da tafasasshen ruwa ganganci ne, domin fatar da ba ta ji takan ƙone mai ita bai sani ba. Haka ma tsaga. Idan numfashi ko haɗiya ya fara wuya, a koma asibiti a ranar.