Yi Wa Almajiranku Jagora Kafin Su Fita Sakandare

Da aka aike ni Khaddamari, hedkwatar ƙaramar hukumar Jere, domin in gwada koyarwa, na tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da za su yi bayan sun gama. Kusan dukansu suka ce likita ko injiniya. Da na ce, "To, ta wace hanya?" sai ajin ya yi tsit. A makarantar mishan da na yi, malamanmu sukan kira mu ɗaya ɗaya su yi mana wannan tambaya tun da wuri. Saboda haka na roƙi shugaban makaranta ya bar ni in riƙa zama da su ran Alhamis bayan an tashi, ba da lada ba.

Ga abin da na koya, 'yan'uwana malamai. Ku fara da takardun yaro, gama nan ne ɓarna takan ɓuya. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Lalle sunan da ke bisa katin ya zama daidai da wanda aka rubuta a WAEC ko NECO, haka kuma ranar haihuwa. Na tarar da yarinya wadda ke da suna uku a takarda guda, biyu a wata, gyaran kuwa ya ci mana makonni. A 2014 an rufe makarantun Borno saboda tashin hankali, iyalai da yawa suka yi ƙaura, ruwan Alau kuma ya cinye takardun mutane a Satumba 2024. Kada fa ku ɗauka kome yana daidai sai kun gani da idonku.

Sa'an nan darussa. Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, Turanci dole, maki 400 duka, bisa kwamfuta ake yinta. Yawancin almajiraina ba su taɓa aza hannu a kan kwamfuta ba, sai da na aro ta wani aboki suka riƙa gwadawa bi da bi. Jami'a kuma tana neman kiredit biyar har da Turanci, mai son kimiyya kuwa sai ya haɗa da Lissafi.

Akwai wani yaro mai ƙoƙari ƙwarai, ɗan manomin shinkafa a fadamar Jere, wanda ya ƙudura zai karanta likita a Jami'ar Maiduguri. Da na duba sai na ga bai ɗauki Fizis ba, likita kuwa ba ya yiwuwa sai da shi, tare da Kemistiri da Bayoloji. Ran da na faɗa masa ya ce, "Malam, ashe shekara ukun nan a banza?" Na ce a'a. Muka zauna muka lissafta ƙofofin da ke buɗe: Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan, da Ramat Polytechnic inda ake samun difloma cikin shekara biyu, da Kwalejin Ilmi ta Kashim Ibrahim inda NCE ke ɗaukar shekara uku. Ya yatsina fuska da jin aikin malanta. Ni kuwa abin ya ɗan sosa mini rai, na tuna masa Sir Kashim kansa malamin makaranta ne kafin ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962.

Kada ku tsaya ga yaro kaɗai. Na je gidansu, na durƙusa na gai da mahaifinsa, na ce, "Baba, shawara na kawo, hukunci naka ne." Damuwarsa kuɗi ce, da wanda zai taya shi aiki lokacin girbi. Na bayyana masa rancen karatu na NELFUND da aka soma bayarwa a 2024, ban kuwa ɓoye masa cewa bashi ne da za a biya ba. Ya yi shiru, kana ya ce in dawo bayan an kai shinkafa gida. Yaron dai ya zaɓi aikin gona, ni kuma na rubuta ranar komawa a littafina.