Kafin Ka Kunna Wuta a Goshin Mota

 Ɗana, tunda ka zaɓi sana'ar gyaran jikin mota, kuma hannunka ya fara faɗawa, akwai aikin da nake so mu yi magana a kansa tun kafin a kawo maka shi ba na kusa. Shi ne cire farantin gaban tsohuwar mota, wanda ba da noti aka ɗaure shi ba, walda aka yi masa tun daga masana'anta. Yara da yawa sun iya ɗora sabon ƙarfe. Kaɗan ne suka iya cire tsoho ba su ji wa na ƙarƙashinsa ciwo ba, kuma a nan ake gane gwani.

Ka fara sanin darajar abin da aka ajiye a gabanka. A nan garin Toumour mota ba kayan ado ba ce. Lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a Fabrairun 2015 aka hana hawan babur, tsofaffin motocin nan ne suka ɗauki nauyin jama'a: su ke kai mai naƙuda asibiti, su ke kwaso buhunan tattasai daga bakin kogin Komadugu zuwa kasuwar Diffa. Harin da aka kawo garin nan a Disamban 2020 ya ci rayuka, ya ƙone kasuwa da gidaje da motoci. Wanda motarsa ta tsira har ta iso garejinka, abincin gida guda ya damƙa maka, wani lokacin ma na gida uku.

Motoci iri biyu ne a wannan fanni. Land Cruiser da Hilux suna da shasi daban, jiki a kansa yake zaune. Amma Peugeot 504 ta fasinja, wadda ta fito a 1968 kuma masana'antar Kaduna ta daɗe tana haɗawa, jikinta shi ne ƙashin bayanta. A irinta, ƙarfen da ke gaba yana riƙe da hannuwan jiki na dama da na hagu, yana ɗauke da lagireto da fitilu da makullin bonet. Ka cire shi babu shiri, sai ɓangarorin biyu su buɗe ko su karkace. A tsofaffin motocin ƙawa na Turai ma akwai waɗanda gabansu a walde yake da jiki. Karmann Ghia ta kamfanin Volkswagen, da aka ƙera a Jamus daga 1955 zuwa 1974, hancinta da fukafukanta duk a haɗe suke da jiki, an shafe mahaɗar da darma har ba a ganinta. Masu gyara ta a can, da duk kayan aikinsu, a hankali suke bin ta. To ina ga mu da muke da guduma da kurfi?

Saboda haka awo ne farkon aiki. Ka tsayar da motar a wuri madaidaici, ba kan rairayi mai nutsewa ba. Ka auna daga kusurwar dama ta gaba zuwa ta hagu ta baya a cikin ɗakin inji, ka sake aunawa ta ɗaya hannun. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, karon ya wuce farantin, sai an ja jikin ya miƙe tun tsohon ƙarfen yana nan, domin shi ne abin kamawa. Ka rubuta awon a takarda, kada ka ce ka riƙe a ka. Sannan ka gitta ƙarfe tsakanin hannuwan biyu, ka ɗan ɗiga masa walda ya riƙe su har ka gama.

Daga nan ka cire kan batir, ka sauke bamba da fitilu da lagireto, ka janye wayoyi gefe. Ka duba inda bututun mai ya bi. Ka leƙa cikin motar da kanka, domin direbobinmu ba sa rabuwa da jarkar fetur, kuma jarkar da ta ƙare ta fi cikakkiya haɗari, saboda tururin ne ke kama wuta. Bokitin yashi ya kasance kusa da ƙafarka.

Yanzu ga zuciyar maganar. Masana'anta ba ta jan walda a layi. Tana matse faranti biyu ne tsakanin bakin inji, ta sakar musu lantarki, su narke su haɗe a ɗigo ɗaya, faɗinsa bai wuce ƙwayar wake ba. Ɗigon nan suna jere a gefen farantin, tsakaninsu 'yan yatsu kaɗan. Ka kankare fenti da tsatsa da burushin waya, za ka gan su kamar 'yan lotsawa. Inda ido ya kasa, yatsa zai ji. Ka sa wa kowane alama da alli, ka buga masa tsini a tsakiya, sannan ka huda da bakin inji mai milimita 8 ko kusa da haka. Farantin sama kawai za ka ci. Kaurinsa da kyar ya kai milimita 1, don haka da ka ga 'yar ƙurar tsatsa ta fito ko ka ji hannun ya sauya, ka tsaya, ka iso tsakanin biyun. Sai ka zura siririn kurfi ka ɗaga a hankali. Idan ya ƙi, akwai ɗigon da ka tsallake. Ka neme shi, kada ka ƙara wa guduma ƙarfi. Yadda tela ke warware ɗinki zare bayan zare don kada yadin ya yage, haka za ka bi shi.

In babu lantarki ko bakin huda ya dakushe, ka yanke tsakiyar mataccen farantin da zarto, ka bar siririn gefensa manne, sannan ka bi kowane ɗigo da magagari ko injin gurza har ya sake. Ka'idar ɗaya ce: ɓarna ta faɗa kan wanda za a jefar, wanda zai zauna a fita da shi lafiya.

Na san abin da zuciyarka za ta raya maka. Ga tukunyar kabayid, ga bututu, cikin ɗan lokaci an yanke an huta. Wuta tana da ranarta, amma ba wannan ba. Zafi yana lanƙwasa siririn ƙarfe, yana ƙone fentin da ke can ciki inda burushi ba zai ƙara kaiwa ba. Motar da ke ratsa taɓon Komadugu da damina, wadda ke ɗaukar kanwa da gishiri, daga nan tsatsa za ta fara cin ta. In kuma akwai darma a mahaɗar, hayaƙinta da ƙurarta guba ne a jikin mutum. Ka rufe hanci, ka sa tabarau, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Idan farantin ya fita, kada ka yi saurin walda. Ka goge sauran ɗigon su kwanta, ka miƙe gefen da ƙaramar guduma, ka shafa maganin tsatsa. Ka ɗora wanda za a sa, ka matse shi da filaya, ka mayar da bonet da fitilu ka ga ko tazarar ta yi daidai hagu da dama, ko bonet yana rufuwa da taushi. Sai ka cike ramukan da walda ɗaya bayan ɗaya, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don ƙarfen ya riƙa hucewa. Farantin da aka ciro daga motar da ta ƙone kada ka karɓe shi ko da kyauta ne, wuta ta riga ta cinye ƙarfinsa.

Saura mai mota. Zai tsaya a kanka yana cewa gobe kasuwa, ga kaya na jira. Ka ba shi kujera, ka nuna masa ɗigon da alli, ka faɗa masa gaskiyar kwanakin da aikin zai ci da kuɗinsa. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ka tarar da ruɓa a ƙarƙashi, ka kira shi ya gani da idonsa, kada ka lulluɓe da mastik da fenti. Shi ba zai gane ba a ranar, amma ramukan hanyar Diffa za su tona, kuma a cikin motar akwai 'ya'yan mutane.

Ka riƙe wannan, ɗana: awo kafin yanka, huda kafin wuta, gaskiya kafin ciniki. Allah ya sa albarka a hannunka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.